Harshen Hukuma da Kunnen Talaka

A shekarar da mijin gwaggona ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, bayan an yi sadakar arba'in, masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit irin na gidan da aka zare wa ginshiƙi, sai ta aika aka kira ni, ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshin takardu da aka ɗaure da bakin zane, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mini abin da mutanen nan suke nema, don yau sau uku ke nan ana kai musu takardun Malam suna dawowa da su." Tana cikin takaba a lokacin, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, sai dai ta aiki yaro, yaron kuwa kullum in ya dawo, abin da yake kawo mata bai wuce cewa an ce takardu ba su cika ba, amma abin da ya rage, da inda za a samo shi, babu wanda ya tsaya ya gaya masa. Marigayin ya yi shekara talatin da 'yan kai yana masinja a wata ma'aikata, kuɗin sallamarsa ake bi, kuma a kansu marayu shida suka sa ido.

Na zauna bisa tabarma a bakin ɗakinta na warware takardun. A shafi na biyu akwai wata jimla guda wadda ta ci layi tara babu aya, ta faro da sharaɗi, ta faɗa cikin togaciya, togaciyar ta haifi wata, sa'an nan ta tura mai karatu ga ƙaramin sashe kaza na sashe kaza na wata doka wadda ba a haɗo ta da takardar ba, ba a kuma faɗi inda ake samunta ba. Sai da na karanta ta sau huɗu, na ɗauki fensir na rarrabe ta gaɓa gaɓa kamar yadda mahauci ke yi wa rago, kafin na gane cewa abin da ake nema duka duka uku ne: takardar shaidar rasuwa, da hoton mai karɓa guda biyu, da takarda daga kotu mai nuna ko su wane ne magada. Da na faɗa mata haka da Hausa, sai ta yi jim, ta dube ni, ta ce, "Shi ke nan? To, me ya hana su faɗa?" Tambayar nan tata ce ta zaunar da ni rubuta wannan maƙala, ko da yake shekaru sun shuɗe a tsakani.

Amma wahalar zirga-zirga ƙarama ce in aka gwada ta da abin da wasu kalmomi uku na Turanci suka haddasa a gidan. Ranar da aka ɗauki marigayin aiki, yana saurayi ko aure bai yi ba, an ba shi fom mai wani gurbi inda ake son sunan dangi mafi kusa, wato wanda za a nema in wani abu ya same shi. Akawun da ya cika masa kuwa, don neman taƙaitawa, sai ya ce masa magaji ake tambaya, shi kuma ya ba da sunan ƙanensa. Ƙanen nan, wanda a sanina mutumin kirki ne, ya rayu shekara talatin yana ji a ransa cewa hukuma ta rubuta shi magajin wansa, har ranar da ya zo ya ce kuɗin nasa ne, ga sunansa a takarda. Alhali kuwa duk ɗalibin da ya durƙusa gaban malami ya karanta babin fara'ili ya san cewa matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take ci, ɗa namiji kuma yana shamakance ɗan'uwa daga gado ɗungurungum. Ita ma dokar boko ba ta ce sanya sunan mutum a wannan gurbi ya mai da shi mai dukiya ba. Sai da aka je gaban alƙali ya warware musu, amma duk da haka an yi kusan shekara biyu gidaje biyu da katanga ɗaya ta raba ba sa ga maciji, an yi suna a wannan ba a gaya wa wancan ba, zumuncin da aka gada kaka da kakanni ya yi rauni saboda kalmomi uku da aka fassara a gurguje.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan, ko da yake a babin ciniki suka yi maganarsa. Sun ce ciniki ba ya inganta sai da yardar mai saye da mai sayarwa, yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da aka jahilta, saboda haka suka hana sayar da kifi yana cikin ruwa da tsuntsu yana sama, suka kira shi cinikin garari. Kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wadda ke kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, inda aka yi umarni da a sami marubuci mai adalci, aka kuma ɗora shifta a kan wanda bashin ke wuyansa. Hikimar da ke ciki kuwa ba ɓoyayya ba ce, domin mutum ba ya iya shifta abin da bai fahimta ba. To, in shari'a ta tsananta haka a kan mudun gero da bashin sule goma, ina ga takardar da mutum zai dangwala wa yatsa ya jinginar da gonarsa, ko ya yarda a yi wa matarsa aiki a asibiti, balle ƙuri'ar da za ta yanke wace ƙasa jikokinsa za su kira tasu? Ma'aunin da nake riƙe da shi shi ne, duk takardar da hukuma ta ajiye gaban talaka, da duk tambayar da ta yi masa, in ba zai iya komawa gida ya maimaita ta da bakinsa ga maƙwabcinsa ba, ya kuma faɗi abin da zai biyo baya in ya ce i da abin da zai biyo baya in ya ce a'a, to, dangwalensa kawai aka karɓa, yardarsa tana nan a wurinsa.

Zancen wace ƙasa jikoki za su kira tasu kuwa ya faru a ƙasarmu, kuma har yanzu akwai tsofaffi a Mubi da Gwoza da Ganye da suka ga ranar da idonsu. Bayan Yaƙin Duniya na Farko an raba Kamarun Jamus tsakanin Faransa da Ingila, rabon Ingila ya zama wani siririn yanki mai bin iyakar gabashin Nijeriya tun daga Tafkin Chadi har bakin teku, sai dai ya ɗan yanke a wajen kogin Binuwai, wanda ta riƙe amana, da fari da sunan tsohuwar majalisar ƙasashen duniya, daga baya da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya. Arewacin wannan yanki an jingina shi ga lardunan Borno da Adamawa da Binuwai, ana mulkinsa ta hannun En'e, mutanensa kuwa Barebari ne da Shuwa da Fulani da Margi da Higi da Chamba da Mambila da waɗansu masu yawa, kowa da harshensa. Da mulkin kan Nijeriya ya gabato, sai aka kira mazajen yankin ranar 7 ga Nuwamba 1959, gama mata ba su jefa ƙuri'a a wannan karon ba, aka sa musu zaɓi biyu: na ɗaya, kana so Arewacin Kamaru ya zama ɓangaren Jihar Arewa idan Tarayyar Nijeriya ta sami mulkin kai; na biyu, ko kuwa kana goyon bayan a yanke makomar Arewacin Kamaru a wani lokaci nan gaba.

Manyan Kaduna sun sakankance cewa na ɗaya ne zai ci. Da aka ƙirga sai aka tarar mutum 70,546 sun zaɓi nan gaba, 42,788 kaɗai suka zaɓi Nijeriya. Mai karatu ya lura da kyau, babu kalma ko ɗaya mai wuya a cikin tambayoyin nan biyu, gajeru ne kuma, ba irin jimlar da ta wahalar da gwaggona ba. Illar tana cikin "nan gaba" ɗin nan, wadda take kamar ƙwaryar da aka miƙa wa jama'a babu kome a ciki, kowa ya zuba abin da ke ransa. Wani Kamaru yake nufi, wani yana nufin a bar Bature ya ci gaba da riƙo, da yawa kuwa, musamman mutanen kan duwatsu waɗanda suka gaji da hakiman da ake turo musu daga fadar Adamawa da ta Dikwa, abin da suke nufi shi ne a raba su da En'e. Kwamishinan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo ya sa ido, Dokta Jalal Abdo mutumin Iran, shi kansa ya nuna a rahotonsa cewa jama'a sun yi amfani da ƙuri'ar ne don nuna rashin jin daɗinsu da tsarin mulkin da ke kansu a gida. Wato dai an tambaye su abu ɗaya, sun amsa wani dabam, domin tambayar da ke ci musu rai babu wanda ya yi musu ita. Sai da aka yi gyara, aka kafa wa yankin sababbin hukumomin En'e na kansa, sa'an nan aka sake kiransu ranakun 11 da 12 ga Fabrairu 1961, wannan karon har da mata, 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi. Gwamnatin Kamaru ta Ahmadu Ahijo ba ta gamsu ba, ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg, kotun kuwa a Disamban 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan batun.

Abin da ya fi wannan nauyi a kudancin yankin ya faru, wajen Bamenda da Buea, inda aka yi musu tambaya iri ɗaya da ta 'yan'uwansu na arewa a 1961: kana so ka sami 'yancin kai ta hanyar shiga Tarayyar Nijeriya mai 'yanci, ko kuwa kana so ka sami 'yancin kai ta hanyar shiga Jamhuriyar Kamaru mai 'yanci. A dubi yadda aka ɗaure 'yanci da shiga ƙarƙashin wani a igiya guda, har mai saurare ya rasa wanne ne kan magana; a dubi kuma yadda zaɓi na uku, wato su tsaya da ƙafarsu su zama ƙasa, wanda mutane da dama suke muradi, ba a sa shi a cikin lissafi ba sam. Mutum 233,571 suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Nijeriya. Amma wace irin shiga? Da wane sharaɗi? Da wace kotu, da wane harshe a makaranta? Taron da aka zauna don shata wannan, a garin Fumban, sai a watan Yuli aka yi shi, wata biyar bayan an riga an jefa ƙuri'a, kuma in wannan ba cinikin kifi a ruwa ba ne, to babu abin da ya cancanci sunan. Tarayyar da aka ƙulla a can an rushe ta a 1972, kuma tun daga 2016 yankin yake cikin fitina da zubar da jini, har dubban mutanensa suka yi hijira zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Ba na cewa lafazin tambaya shi kaɗai ya jawo wannan musiba, domin ruwa ba ya tsami banza, sababai sun taru. Amma duk wanda ya saurari kukan mutanen yankin zai ji suna komawa ga ranar nan da abin da aka tambaye su da abin da aka ƙi tambayarsu.

Abin da ya ci Doma kuwa bai bar Awe ba. Ranar 28 ga Satumba 1958 an tambayi mutanen Nijar, tare da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka, ko sun amince da tsarin mulkin da gwamnatin Janar Digol ta gabatar, tsarin da aka rubuta da Faransanci a Faris, wanda manomin Maraɗi ko na Damagaram bai taɓa ganin ko bangonsa ba. Ainihin abin da ake yankewa shi ne, in an ce a'a, an sami mulkin kai nan take, Faransa kuma ta janye hannunta da taimakonta, in an ce i, an zauna a cikin gamayyarta. Amma tambayar ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin biyun ba. Saboda haka ma'anar ƙuri'ar ta koma bakin masu bayani, Jibo Bakari da 'yan jam'iyyar Sawaba suna cewa a'a, gwamna da sarakunan da ke bayansa suna cewa i, aka tashi da i ta sami kusan kashi 78 cikin ɗari, Gini kaɗai ta ce a'a a duk ƙasashen. A nan ne babbar ɓarnar duhun magana take: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk inda takarda ta kasa yi wa mutum magana da kanta, tafinta ne ke zama sarki. Kakanninmu sun sha wannan a hannun tafintocin Razdan da Di'o, mu kuma muna ganinsa a ƙofar kowace kotu da sakatariya, inda masu rubuta takarda suke zaune a gindin bishiya, dā da tafireta yanzu da kwamfuta. Ban zarge su ba, yawancinsu taimako suke yi, abincinsu kuma suke nema ta halal. Amma haƙƙin da mutum ba ya isa gare shi sai ya biya wani ya karanta masa, an riga an yanke masa wani abu daga cikinsa.

Kada a zaci ciwon na marasa karatu ne kaɗai. Lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda kusan kowa ya yi makaranta, sau biyu yana jefa ƙuri'ar raba gardama a kan ballewa. Tambayar 1980 ta haura kalma ɗari. Ta ranar 30 ga Oktoba 1995 ta fi ta gajarta, amma ta tambayi mutane ko sun yarda Kebek ta zama mai cin gashin kanta bayan ta yi wa Kanada tayin sabon ƙawance na tattalin arziki da siyasa, a cikin iyakar wani ƙudurin doka da wata yarjejeniya da aka sa wa hannu ranar 12 ga Yuni na shekarar. Ke nan mai jefa ƙuri'a sai ya san takardu biyu da ba sa gabansa kafin ya san abin da yake amsawa, daidai da abin da aka yi wa gwaggona. Fiye da kashi 93 cikin ɗari suka fito, masu a'a suka tsira da kashi 50.58, ratar ƙuri'a dubu hamsin da huɗu da 'yan kai, ƙasa guda ta kusa tsagewa a kan jimlar da masu jefa ƙuri'ar kansu suka saɓa wa juna a kan ma'anarta. Wannan firgita ce ta kai maganar gaban Kotun Ƙoli a 1998, ta kuma haifi dokar shekarar 2000 wadda ta ce gwamnatin tarayya ba za ta zauna teburin rabuwa da wani lardi ba sai tambayar ta kasance bayyananna, rinjayen ma bayyananne. Mutanen Sikotlan sun ɗauki darasi. Gwamnatinsu ta so a tambaya da lafazin "ka yarda cewa", sai hukumar zaɓe ta ɗauki tambayar ta gwada ta a kan talakawa, ta zauna da su ɗaya ɗaya da ƙungiya ƙungiya tana jin yadda suka fahimce ta, ta dawo ta ce wannan lafazi yana jan mutum zuwa ga i, kamar yadda in ka ce wa baƙo "ai ka ƙoshi ko?" ka riga ka sa masa amsa a baki. Ranar 18 ga Satumba 2014 aka yi tambayar da kalma shida na Turanci, ko ya kamata Sikotlan ta zama ƙasa mai 'yancin kanta. Kashi 55 suka ce a'a, waɗanda suka sha kaye sun yi baƙin ciki, amma ba a ji suna cewa an ruɗe su da lafazi ba.

Su ma takardun yau da kullum an yi musu yaƙi a can. Tun 1948 Baitulmalin Ingila ya sa wani tsohon ma'aikaci, Ernest Gowers, ya rubuta wa akawuna littafi a kan rubutu da kalmomi masu sauƙi. A 1979 wata mata, Chrissie Maher, wadda ita kanta sai da ta zama budurwa ta iya karatu sosai, ta kwashi fom-fom na gwamnati ta yayyaga su a dandalin da ke gaban majalisa a Landan. A 2010 kuma Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa ma'aikatun tarayyar Amurka rubuta wa jama'a da bayyanannen harshe.

To, sai dai mu ba mu da buƙatar aron wannan ɗabi'a daga ƙetare, gama gadonmu ce muka saki. Malaman balaga sun lissafa garaba, wato kawo baƙuwar kalma, da ta'aƙidi, wato ƙulle zance har ma'ana ta ɓace, a cikin aibobin da ke fitar da magana daga fasaha, suka kuma ce cikar balaga ita ce zance ya dace da halin wanda ake yi wa shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, da Larabci yake rubuta wa malamai, amma in ya fuskanci jama'a da Fulatanci da Hausa yake yi musu wa'azi. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta mai da ilimi waƙa da harshen da matan karkara ke ji, ta ɗora wa jajis, wato almajiranta mata, su kai shi ƙauye ƙauye. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam ya riƙa bayyana wa mutane yaƙin duniya da dokokin gwamnati da Hausar da za a karanta a zaure kowa ya gyaɗa kai, kuma a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da Hausa ake muhawara tare da Turanci. Abin da ya same mu daga baya shi ne mun koyi wata irin Hausa mai sanye da kwat, kalmominta namu ne amma ƙashinta na Turanci ne, irin wadda za ka ji a rediyo ana cewa ana sanar da ɗaukacin masu ruwa da tsaki cewa aiwatar da tsarin tantance masu cin gajiyar shirin zai gudana daidai da tanade-tanaden da aka shimfiɗa. Mai shelar dagaci, da gangarsa a rataye, cewa zai yi, duk wanda ya ba da sunansa don karɓar taki ya zo makarantar firamare ranar Talata da hantsi, ya riƙo katinsa. Na biyun ya faɗi wa, da ina, da yaushe, da me za a riƙo, na farkon kuwa ko ɗaya bai faɗa ba, ga shi kuma ya fi tsawo. Saboda haka masu ganin da zarar an fassara takardun gwamnati an gama, su sani duhun da aka fassara duhu ne. Sai an fara zama an tambayi kai, me muke so mutumin nan ya yi gobe da safe, kafin a ɗauki alƙalami, ko da wane harshe za a rubuta.

Lauyoyi suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sukan ce harshen doka yana tsawo ne don ya toshe kowace kafa, kalmar da kotuna suka daɗe suna fassarawa kuma ta fi sabuwa aminci. Akwai gaskiya a ciki gwargwadon abin da ya shafi zance tsakanin lauya da alƙali. Amma fom ɗin da bazawara za ta cika ba lauya aka rubuta wa ba, kuma Afirka ta Kudu ta nuna cewa ko tsarin mulki ana iya rubuta shi a sarari, domin nata na 1996 da gangan aka tsara shi da gajerun jimloli, aka raba miliyoyin kwafi cikin harsunan ƙasar goma sha ɗaya, kotunanta kuma suna hukunci da shi har yau. Akwai kuma duhun da ba na gado ba ne, na ganganci ne, irin wanda ake cusawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarshen takardar rance, kuma wannan sunansa algus.

Tsarin mulkinmu na 1999 ya san wannan haƙƙi, sai dai ya tsaya rabin hanya. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma da laifi a gaya masa tuhumar da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Sashe na 55 ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aiki da Hausa da Ibo da Yarabanci tare da Turanci idan an yi tanadin da ya isa, tanadin da har yau ake jira. Wato mutum sai ya tsaya gaban alƙali a matsayin wanda ake zargi kafin doka ta lamunce masa fahimta, mai neman haƙƙinsa da mai jefa ƙuri'a kuwa an bar su da sa'arsu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 'yan takara 73 ne a takarda ɗaya, kuma na tsaya a rumfarmu na ga wani dattijo ya riƙe ta tana reto har gwiwarsa, yana bin alamomin jam'iyyu da ido ɗaya bayan ɗaya, waɗansu kamar an haife su rana guda, tawada tana bushewa a yatsansa, har da ya sami tasa hannunsa na rawa, dangwalen ya hau layin da ke tsakanin gida biyu. A wannan zaɓe ƙuri'a 1,289,607 aka ƙirga lalatattu. A 2023, da 'yan takara suka koma 18, an sami 939,278. Dalilan lalacewar ƙuri'a suna da yawa, amma kowace ɗaya mutum ne da ya bar gonarsa ko rumfarsa ya sha rana a layi. Kuma ranar tambaya da kalmomi tana nan tafe, domin sashe na 8 ya shar'anta ƙuri'ar raba gardama kafin a ƙirƙiri sabuwar jiha, sashe na 69 kuma kafin a yi wa ɗan majalisa kiranye. Ita ma Nijar, da ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, wannan jarrabawa tana gabanta. Abin da nake roƙo shi ne doka ta wajabta cewa kafin a buga kowace tambaya ko fom da za a raba wa jama'a, a kai shi kasuwa da tasha da tsakar gidan mata, a karanta wa mutane, a ce su maimaita, in sun kasa a koma a sake rubutawa, a buga shi da boko da ajami, tun da manyan takardun naira ma da ajami suke gaya wa ɗan kasuwa nawa ke hannunsa.

Ranar da na gama wa gwaggona bayani, kafin in tashi ta ce in rubuta mata abubuwan nan uku da Hausa don kada yaron ya manta a hanya. Na yage bayan wani tsohon littafin lissafi na rubuta, layi uku, na ƙara da ofishin da za a fara zuwa da wanda za a ƙare da shi. Bayan wata huɗu kuɗin suka fito. Da na koma gaishe ta da salla, shekara uku bayan haka, sai ta ce mini takardar nan ba ta kwana a gida, duk matar da ta shiga takaba a unguwar, in mijinta ma'aikaci ne, sai ta aiko a ara mata. Ta sa aka karɓo ta daga gida na huɗu don in gani. Ta yi laushi kamar tsumma, an liƙe tsakiyarta da salatif, a bayanta kuma wani almajiri ya kwafe layukan uku da ajami, da tawadar allo, saboda waɗanda ba su yi boko ba.